Wau Ɗaya Zai Cinye Gonar Ɗana

Malam, don Allah ka taimake ni kafin ruwa ya sauka, kuma ka sakaya sunana, don duk Bungudu an san ni da cika baki a kan karatu.

Ni dai sai da furfura ta fito mini na soma riƙe alƙalami, wajen Inno matar limaminmu. Tun da hannuna ya faɗa da ajami ba abin da ban rubuta ba, har ranar da kazata ta hau kwanci. Ɗana Sahabi, shi kaɗai gare ni, ya tafi aikin hanyar jirgi wajen Tsafe, ya bar mini jiran gonar da ta faɗo a rabonsa na gadon ubansa. Da kaka guna ta zuba 'ya'ya a gefen gonar, ni kuwa ciwon gwiwa ba ya barina in ɗiba. Maƙwabcinmu Bawa ya roƙa, na ce ya ɗiba. Da na tsaya nan, da lafiya lau. Sai na ce bari in ba shi a rubuce, yadda manya ke yi. Na rubuta na ba Bawa gunarmu duka, halak malak. Da na duba sai kalmar ta yi mini rama, kamar ba ta ƙoshi ba, na ƙara mata harafin wau a tsakiya. Ashe wau ɗin nan shi ke mai da guna gona.

Bawa ya kwashe guna. Yanzu ya share gonar, ya zuba taki, yana yawo da takardata cikin hula yana nuna wa mutane, har yana yaba kyawun hannuna. Abin haushi, Malam, da yabon ya iso kunnena sai da na ji daɗi. Sahabi na nan tafe don shuka, bai san kome ba. Haruna, ƙanen marigayi mijina, ya ce a sato takardar in kankare wau ɗin. Ko tuwo ba ya shigar mini. Shin gonar ta tafi ke nan?

Uwar Ɗa Ɗaya, Bungudu

AMSA

Inna, ki ci tuwonki, gona tana nan.

Mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Jira aka ba ki, ba mallaka ba, ko da wau goma kika jera. Kuma takarda ba ta tsayawa ita kaɗai gaban alƙali, sai ya tambayi wa ya ji, wa ya gani. Ki nemo dattawa biyu da suka san guna Bawa ya roƙa.

Takardar kuwa kada a taɓa ta. Kuskuren alƙalami ba laifi ba ne, sata da kankara su ne laifi, kuma su za su mai da gaskiyarki ƙarya. Haruna ya huta da ba da fatawa.

Ki aika wa Sahabi yau, shi ne mai magana a kan gonarsa. A wannan karon, saƙon baki. Ku fara da mai gari, in Bawa ya ƙi ji, sai alƙali. Ku hanzarta, don da zarar irinsa ya shiga ƙasa magana ta yi tsawo.

Bawa ya yi wayo, amma ke kika miƙa masa, kuma maƙwabci ne da za ku ci gaba da gaisawa. Guminsa da takinsa haƙƙinsa ne. Ku bar masa gunar bana a madadinsu, a faɗa gaban mai gari.

Kada wannan ya sa ki ajiye alƙalami. Sai dai duk takardar da za ta fita hannunki, wani ya karanta ta da ƙarfi gaban shaidu biyu, ba ke ba, don ke abin da ke zuciyarki za ki karanta. A wannan da kika aiko mini ma, kafin in gyara rubutun, sau biyu Sahabi ya gaji guna maimakon gona.

Allah ya dawo da shi lafiya, ya ba ku damina mai albarka. Ki gaida Inno, ki ce ta riƙa ba ki wau da awo.