Kwana Biyun da Na Ɓata wa Sagiru

Zuwa ga Mai Kula da Harkokin Lafiya na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da wannan zamani na tsuke bakin aljihu? Sunana Idi, manomin rani daga Gammo. A aji huɗu na yi wa boko sallama, ita ma ba ta neme ni ba, don haka in ka ga rubutu ya karkace a yi haƙuri.

Ɗana Sagiru, mai shekara ashirin da huɗu, yau kwana arba'in da rasuwarsa. Akwai laifina a ciki, akwai naku. Zan fara da nawa.

Na ɗaya. Ranar wata Talata tiyon injin ban-ruwa ya zame cikin dam, Sagiru ya bi shi, ya nutse. Maƙwabtan gona suka ciro shi, suka danna masa ciki har ya amayar da ruwa. A wurinmu wanda ya yi aman ruwa ya tsira, an gama magana. Da ƙafarsa ya dawo gida. Mahaifiyarsa ta toya ƙosai ta yi sadaka, ni kuwa na yini ina tsokanarsa, wai tunda ya shanye ruwan gwamnati sai ya biya haraji. Ya yi dariya har da tari. Dariyar na ji, tarin ban ji ba.

Na biyu. Washegari numfashinsa ya fara sauri kamar wanda ya yi tsere. Ni, babban likitan aji huɗu, na yanke hukuncin sanyi ne ya shige shi. Na sa aka lulluɓe shi da bargo, aka zuba tazargade a garwashi ana yi masa hayaƙi. Kwana biyu muna haka, sai da leɓɓansa suka yi duhu, ya kasa haɗa kalma uku, sannan na nemi mota.

Na uku, wannan naku ne. A asibitin da ya fi kusa da mu akwai tukunyar iskar numfashi, wankakkiya, a tsaye kamar mai gadi, amma ba komai a cikinta. Ma'aikacin ya ce ta daɗe haka. Motar asibiti ba mai. A motar haya muka kai shi Kano, kansa a cinyata.

Na huɗu. A can wani likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska. Ruwan dattin da ya shaƙa ya ji musu rauni, sai ruwan jikinsa da kansa ya riƙa tsattsafowa yana cika su. Iska na shiga, amma ba ta isa jini. Ya ce ciwon kan biyo bayan nutsewa, ko shaƙar hayaƙi, ko limoniya mai tsanani, kuma sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake bayyana, lokacin da ake murnar mutum ya tsira. Da na ambaci tazargade, ya daɗe yana kallon bironsa. Na tambaye shi ko da mun zo ranar Laraba da ya rayu. Ya ce ba kowa ke tashi ba ko da an sa masa injin numfashi, amma kwana biyun nan da sun yi amfani. Ranar Asabar bayan azahar Sagiru ya cika.

Na yarda da ƙaddara. Amma tun da aka fara Shari'a, mota mai lasifika na zagaya kasuwanninmu tana gargaɗi kan caca da tauye mudu, ni ma ita ta raba ni da darar kuɗi. Ina roƙo a ƙara mata magana ɗaya: wanda aka ciro daga ruwa a kai shi asibiti ko da yana dariya, kada a yi masa hayaƙi. A cika tukunyar nan. A zuba wa motar asibiti mai. Rani bai ƙare ba, samari na nan a bakin dam.

Mahaifiyarsa ce ta hura garwashin, kuma ban taɓa faɗa mata abin da likitan ya ce ba. Na san wani zai karanta mata takardar nan. Duk wanda ya karanta, don Allah ya maimaita mata cewa ni na ba da umarnin.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka 'ya'yanka.

Wassalam,
Idi, mahaifin Sagiru, Gammo.