Haƙoran Sun Gane Gida, Takardar Jini Ba Ta Gane Ba

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya da ya sa hannu a takardar amsar kukana.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina neman gafara da ban ambaci sunanka ba. Na juya takardarka ta kowace fuska, sa hannun ya ƙi karantuwa. Da zan bi tsarin asibitinku, sai in rubuta "Malam Birni" in jefa a akwatin gidan waya, in koma gida in kwanta. To ni ban iya wannan aikin ba, shi ya sa na kawo maganar jarida, inda na tabbata za ta same ka.

Sunana Lawal Isa, malamin firamare a Gwiwa. Ina magana ne a kan yayana, marigayi Sulaimanu Isa, mai sayar da hatsi a kasuwar Babura, da kuma matarsa Dije, wadda takardarka ta ɗora wa alhakin mutuwarsa. Saboda ita nake wannan rubutu. Shi dai ya riga ya tafi, Allah ya ji ƙansa.

Na ɗaya. Bayan girbin geron bara Yaya ya fara ramewa. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya koma sai ya huta kafin ya kai masallaci. Dasashinsa ya kumbura, in ya yi asuwaki sai ka ce ya tauna ɗanyen nama. Ranar da ya faɗi a rumfa ina Gwiwa. Dije ce ta sa aka ɗora shi a mota, ta kai shi asibitinku, bakinsa a kumbure ko salati ba ya fita sosai. Akawun kati ya tambaye ta sunansa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam ne." Ya tambaye ta daga ina, ta ce Babura. Shi ke nan, ya rubuta "Malam Babura", ya kira na gaba.

Ranka ya daɗe, Dije Bafulatana ce daga rugagen Roni. Shekara goma sha tara tana gidan Yaya, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko wani yaro mai suna Sule ta gani, "mai sunan Malam" take ce masa. Akawun nan kuwa ba daga Ingila aka kawo shi ba. Ɗan ƙasa ne, kuma na rantse uwarsa ba ta kiran sunan ubansa. Direban motar yana tsaye a bakin ƙofa, maƙwabtanmu biyu suna zaune a baranda. Ɗaga murya ɗaya ya isa a faɗa masa sunan har da na kakanmu. Bai ɗaga ba.

Na biyu. Likitan da ya duba Yaya a ranar ya yi aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ga ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, ya ɗebi jini ya shafa a ɗan gilashi, ya aika ɗakin gwaji na birni. A jikin gilashin sunan da ke kati aka liƙa. Zazzaɓin da ya zo da shi ya sauka, aka sallami Yaya, ba da jimawa ba aka yi wa likitan canjin wurin aiki.

Na uku, kuma nan ne abin ke ci mini rai. Da aka yi hutun makaranta na zo gida, na tarar haƙoransa suna girgiɗi, ba ya iya cin tuwo. Ni da hannuna na mai da shi asibitinku, ɓangaren haƙori, ƙofa uku tsakaninsa da ɗakin kati. Muka tarar ana wani bincike a kan sabuwar robar haƙoran roba, wai ana so a ga ko za ta jure zafin ƙasarmu da rinin goro. Tun da aka haife ni ban ga tambaya irin ta ranar ba. Sunansa, sunan uba, unguwa, sunan mai unguwa, wace bishiya ce a ƙofar gida, goro nawa yake ci a wuni, fari ko ja. Har hoto aka ɗauke shi. Na gaya musu an ɗebi jininsa kwanan baya ba mu ji sakamako ba, aka ce wannan ba ɓangarensu ba ne. Aka cusa masa wani abu mai kama da ƙullu a baki aka ɗauki awo, sannan aka fara cire haƙora. Biyun farko sun yi kwana uku suna zubar da jini. Na koma na faɗa, aka ce goro ne ya ɓata masa dasashi. Aka cire huɗu a zama na biyu. Wannan jinin bai tsaya ba. Dije ta jiƙa zane bayan zane, har ranar Laraba da hantsi ya cika, kansa a cinyarta.

Na huɗu. Bayan sadakar arba'in, sai ga Landiroba mai lambar gwamnati a ƙofar gida, daidai gindin darbejiyar da masu binciken haƙori suka rubuta. Ba su yi ɓatan hanya ba, ba su tambayi kowa ba. Sun zo ɗaukar Sulaimanu Isa a gwada masa haƙoransa. Da aka ce ya rasu, suka yi ta'aziyya, suka bar mana haƙoran a ɗan akwati, sunansa cikakke a rubuce a murfin da kyakkyawan rubutu.

Wannan ne ya sa na koma asibitin ina tambayar jinin. Wani dattijon masinja, Allah ya saka masa, ya kai ni wani kabad inda ake zuba takardun da ba a san masu su ba. Ga "Malam Babura" nan a ciki, gara ta fara cin gefe. Takardar ta ce sankarar jini ce. A ƙasa an ja layi da jan biro: a turo maras lafiya birni da gaggawa, kada a yi masa tsaga ko cire haƙori. Hatimin karɓa ya nuna ta iso asibitin kwana tara kafin a taɓa haƙorin farko. Masinjan ya ce shi da kansa ya fita baranda ya kira "Malam Babura" sau uku, mutum huɗu suka miƙe, babu wanda aka ɗebi jininsa a ciki, sai aka ce ya mayar kabad. Ranka ya daɗe, a Babura in ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce "Malam", rabin sahu ne zai waiwayo.

Ba na cewa da takardar ta same mu Yaya zai warke. Na tambayi masu sani, sun ce ciwon nan ba kasafai yake barin mutum ba, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da wannan. Amma da ba a cire masa haƙori shida ba. Da an ƙara masa jini, mu 'yan'uwansa bakwai ne, kowa zai miƙa hannu. Da ya sami bakin da zai yi wa 'ya'yansa wasiyya. Ya mutu baki cike da auduga.

Na biyar, takardarka. Na rubuto kuka, ka amso da layi huɗu, cewa bincike ya nuna "kuskuren ya samo asali ne daga jahilcin iyalin maras lafiya, wadda ta ƙi ba da suna". Ba ni ka aiko wa ba, ta hannun mai unguwa ta biyo, aka karanta ta a zaure gaban jama'a, Dije tana jin komai daga bayan zana. Jahilci! Matar da ta rufa wa mijinta asiri shekara goma sha tara, ta ɗauke shi ta kai inda rediyo kullum ke cewa a kai. Tun muna yara ranar murnar samun mulkin kai aka ce mana yanzu namu ne za su riƙe ofis, waɗanda suka san mu. Yau ga kuɗin fetur, ga sabon gini, ga na'ura daga ƙasashen waje. An san goro nawa Yaya yake ci, ba a san cewa matar Bahaushe ko ta Bafillace ba ta kiran sunan miji ba. To wane ne jahilin?

Tun ranar Dije ba ta sake zama daidai ba. Mata a rijiya suna cewa kunyarta ta kashe mata miji. Ta gama takaba, 'yan'uwanta sun zo daga Roni ɗaukarta, ta ƙi tafiya. Abinci sai an matsa mata. Na yi mata bayani har na gaji, ta ce, "Malam Ƙarami, kai ɗan'uwa ne, dole ka faɗi haka. Gwamnati ta rubuta." Takarda ce ta kayar da ita, ranka ya daɗe, kuma takarda ce kaɗai za ta tashe ta.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ba na neman diyya, ba na neman a kori akawun, shi ma yana da 'ya'ya. A umarci masu rubuta kati, in mace ta ce "Malam ne" ko "Maigida ne", su tambayi na kusa da ita, ko su ce ta faɗi sunan ɗansu da na unguwa. A buɗe kabad ɗin nan a fito da sauran takardun, domin ba ta Yaya kaɗai na gani ba, kuma wataƙila wasu masu su suna da rai. Motar da ta iya kawo haƙora ta iya kai musu takardunsu. Sannan, wanda ya fi komai, ka janye layin nan huɗu. Ka rubuta cewa laifin ba nata ba ne, ka aiko ta hannun mai unguwar nan a karanta a zauren nan. Sunanta Hadizatu Buba. Na rubuta shi cikakke don kada a ce an rasa.

Ina roƙonka ka hanzarta. Ranar Juma'ar da ta wuce ta same ni a tsakar gida, ta yafa mayafi, akwatin haƙoran a hannunta. Ta ce in raka ta wajen mai katin nan. Na ce ta yi me? Ta ce, "In har yanzu suna so, zan faɗa. Na koya." Sai ta faɗi sunan a gabana, a hankali, Sulaimanu, karo na farko a rayuwarta, ta tambaye ni ko haka ya yi daidai.

Ban kai ta ba. Amma ban san abin da zan ce mata ba in ta sake tambaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a aikinka. Ranar da kai ma ka kwanta ba ka iya magana, Allah ya haɗa ka da mai rubuta katin da zai tambaya sau biyu.

Wassalam.

Lawal Isa,
ƙanen marigayi Sulaimanu Isa, wanda kuka rubuta Malam Babura.