Tsanin da Na Haɗa wa Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya raba ki da ciwon ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, Inna ta fara cin abinci, Auta ma ta koma makaranta.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki da kika zo rasuwar Baba. Tsanin da ya karye da shi, ni na haɗa shi, da katakon bishiyar turare. Kin san Baba da katakon nan. Kullum cewa yake yana da ƙarfi da nauyi, ya dace da ƙyaure da ƙafar tebur, amma ba ya son gaggawa. A jera shi a inuwa ya bushe a hankali, in ba haka ba ya murɗe ya tsage, kuma ba a buga masa ƙusa sai an huda shi tukuna. Ni kuwa ɗanye na yanka, na buga ƙusoshin kai tsaye. Na ga 'yar tsaga a mataki na shida, na ce gobe na canza. Washegari Baba ya hau gyaran kwanon rufi.

Tun ranar, da na fara goge katako a shago ƙamshin ya taso, sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana duban hannuna. Rana tsaka in katakon da ke jingine ya yi ƙara, har guduma nake yarwa.

Shekaranjiya na kasa daurewa, na gaya wa Inna tana ninke kayansa. Ta ajiye rigar da ke hannunta. Can ta ce ita ma ta ga tsagar da safiyar ranar da ya hau, tana shara, ta bari sai ya gama shayi ta faɗa masa, maƙwabciya ta yi sallama, ta manta. Ashe wata biyu ke nan kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Ta ce in rubuto miki, bakinta ba zai iya ba.

Ki gaida maigidan, da Gwaggo, da takwarar Inna. Ki yafe mana, Yaya, ke ma ubanki ne.

Ƙaninki,
Kafinta