Jan Ganye Daga Toronto

Toronto, 20 ga Satumba

Yaya Abdul-Ganiyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kowa na gidanmu a Gumbihini. Na san muna waya, amma Mma ta ce murya ba ta shiga ƙarƙashin matashi, ita takarda take so. To ka karanta mata wannan.

Mma, 'yarki ta yi abin kunya. Akwai wata bishiya a ƙofar gidan tsofaffin da nake aiki. Ran nan na ga ganyenta ya fara rawaya, wani har ja. Sai na ce gara ce ta shiga saiwa, yadda ta kashe mangwaron Baba. Na roƙo toka wajen wani mai gasa nama ɗan Kumasi, kwana biyar ina barbaɗa mata ina bin ta da bokitin ruwa. Wata tsohuwa da nake yi wa wanka ta hango ni ta taga, ta yi dariya har haƙoran robarta suka faɗo. Wai haka kaka take a nan: ganye ya canza launi, ya zube, da bazara ya dawo. Ashe tokata na ɓata.

A gaida maƙwabciyarmu Adisa.

Taku,
Zuweira

Tamale, 9 ga Oktoba

Zuweira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Mma ta sa na karanta mata sau uku. Ta yi dariya ta ce, "Wannan yarinya koraa, ba dama, har Turai ta kai toka."

Ta hana ni gaya miki, amma zan gaya miki. Idanunta sun yi rawaya, tafin hannunta ma haka. Ko koko ba ya zama a cikinta. Na ɗauke ta a moto, babur ɗina, zuwa asibiti, suka ce hanta ce. Na tambayi likita me ya rage, sai ya dafa kafaɗata kawai.

Hoton takardar nan zan turo miki ta waya, babu lokacin jiran gidan waya. Ki taho yanzu.

Wassalam,
Abdul-Ganiyu

Toronto, 12 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ka tayar mini da hankali.

Na ga lauya. Ya ce idan na fita ƙasar nan kafin zaman da za a yi kan takardar zamana, ranar ashirin ga Nuwamba, ba za su bar ni na dawo ba. Shekara uku ina jiran ranar nan, Yaya. Kai ma ka san abin da na sha.

Ciwon shawara ne ke damun Mma, ba wani abu ba. Adisa ma ta yi shi, ta sha saiwa ta miƙe. Kai tun muna yara kake da firgita mutane. Ni dai bishiyar nan ta koya mini kada in ga rawaya in ruɗe. Yanzu ta yi ja gaba ɗaya, har mutane na tsayawa ɗaukar hoto. Ga ganye ɗaya na sa a ambulan, ka ba Mma ta gani da idonta. Kafin ganyen bishiyar ya gama zuba za a yi zaman, washegari ina jirgi, in sha Allah.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarka,
Zuweira

Tamale, 6 ga Nuwamba

Zuweira,

Salam. Kin riga kin ji ta waya, ba zan maimaita ba.

Takardarki ta iso ranar addu'ar bakwai. Kafin nan, duk moton da ya tsaya a ƙofa sai Mma ta ɗaga kai ta ce, "Ita ne?" Takardarki ta farko muka samu a ƙarƙashin matashinta.

Adisa ce ta yi mata wanka. Na tsaya a waje ina tunanin iyayen mutane nawa kika wanke a ranar.

Ga ganyenki na mayar miki. Ya iso baƙi, a murmushe, ban ga jan da kike faɗi ba. Ki zauna ki karɓi takardar zamanki, babu sauran gaggawa.

Idan bishiyarku ta dawo da bazara, kada ki rubuto ki gaya mini.

Wassalam,
Abdul-Ganiyu