Jinin da Za a Ɗiba Ranar Talata

Assalamu alaikum Inna,

Na san ba mai karanta miki wannan, amma bakina ya kasa gaya wa masu rai.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Toranke bana, ni kuma ina nan kan keken ɗinkina a kasuwar Gaya.

Inna, ashe ciwonki ba iskoki ba ne. Yanzu ya kama ƙanena Habu, irin fizgar hannun nan da saurin fushi. Likita a Kano ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake gado, wani ɗa ya ɗauka, wani ya tsira. Har zagin da kika riƙa yi mana, wai ciwon ne. Kin tuna ranar da kika kifar da tuwo na daka miki tsawa? Wallahi na zaci ganganci ne. Ki yafe mini.

An ce gwajin jini zai nuna ko ina ɗauke da shi. Na ƙi. Ciwon da ba shi da magani, me zan yi da saninsa? Ni kullum da safe zare nake zurawa a kafar allura, in ya shiga in ce alhamdulillahi.

To, ga takwararki Hauwa, 'yata, ta kafe sai an gwada ta kafin aurenta, wai ba za ta rufe yaron mutane ba. Taurin kanki ta kwaso kaf! Likitan ya zaunar da ita sau biyu yana tambayar yadda za ta yi in labari ya zo ba daɗi. Ya kuma gaya mata in aka samu a jininta, to nawa ma ya tabbata, don ta wajena zai bi.

Na ce ta je, amma kada ta gaya mini komai. Ta ce to, aka sa mata ranar Talata mai zuwa don ɗiban jinin. Jiya na gan ta tana wanke-wanke tana kallon hannunta, yadda nake kallon nawa. Kunya ta kama ni. Yarinya ta haɗiye wannan ita kaɗai, tana yi mini murmushi don kada in gane?

Ina jin tsoro, Inna, sosai. Amma ranar Talata tare za mu shiga mota, kuma nawa za a fara ɗiba.

Allah Ya kai haske kabarinki.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.