Kyanwar Baba da Maganin Wankan Shanu

Salama gare ku 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni kaina ya tsaya.

Ni malama ce a wata firamare a Kafanchan, Mama kuma tana ƙauye bayan Zonkwa ita kaɗai tun da Baba ya rasu bara. Ya bar mata kyanwarsa, wadda ya yi kiwo don ɓerayen rumbu, har ta zama abokiyar hirarta. Wani lokaci in na kira waya sai in ji tana mata faɗa kamar mutum.

Kwanakin baya Mama ta kira ta ce kyanwar ba lafiya, tana karkarwa, yawu na zuba. Na je na sa ta a kwali, na hau mashin zuwa wurin likitan dabbobi a Kafanchan. Ya ɗan tsaga bakin kunnenta, ya shafa jinin a kan gilashi, ya duba a na'ura, har ya ce in leƙa. Na ga wasu ɗige-ɗige cikin jinin, ya ce ƙwayar cuta ce da kaska ke ɗaukowa daga kyanwar daji ta sa wa ta gida. Amma ya ce kaɗan ne, kyanwoyin ƙauye da yawa suna yawo da ita lafiya lau, ba ita ta kawo wannan karkarwa ba. Sai ya shinshina gashinta ya tambaye ni da me aka yi mata wanka.

Na kira Mama. Ta ce ai ta ga kaska a kunnenta ne, sai Inna Dije ta kawo mata maganin wankan shanu a 'yar kwalba, ta zuba a ruwa ta wanke ta tas. Likita ya ce maganin nan guba ne ga kyanwa. Ya yi mata allura da ƙarin ruwa, kafin yamma ta mutu. Ban yi kuka ba, na karɓi kwalina na fito. Tun rasuwar Baba haka nake, abu ya faru ina kallo kawai.

Inna Dije Bafulatana ce daga rugar da ke bayan rafi, tun muna yara take kawo mana nono. Kun san yadda zama ya koma tsakaninmu da Fulani a wajenmu. Kusan kowa ya ja baya, ita ce dai har yau take shiga gidanmu ta zauna da Mama su yi ta ɓarar gyaɗa. Na tabbata taimako ta yi niyya, abin da take wa shanunta ta ba ƙawarta.

Matsalar ita ce yayana. Ya sha yi wa Mama faɗa ta daina barin matar nan tana shigowa, sun yi ta cacar baki a kai. In ya ji cewa kwalba daga ruga ta fito, ba zai tsaya jin bayani ba, cewa zai yi gwaji aka yi da kyanwa kafin a zo kan mutane, kuma yana da abokai masu zafin kai irinsa. Ita ma Mama, in ta san da hannunta ta yi, ban san yadda za ta ɗauka ba, ga hawan jini.

Shi ya sa da suka tambaye ni sakamakon gwaji, na ce cutar kaska ce, likita ya gani a jini. Ba ƙarya na yi ba, rabi na faɗa. Mama ta ce yadda Ubangiji ya so, na ɗauka magana ta ƙare.

Jiya bayan sujada a coci Mama ta kira ni da murya mai daɗi, rabon da in ji ta haka tun Baba na da rai. Wai wata a zumuntar mata ta ba ta 'yan kyanwa biyu, ita kuma ta koyi darasi, waccan ta makara ne da wanka har kaska ta ci jininta. Waɗannan tun suna ƙanana za ta wanke su, da sauran magani a kwalba, rana kawai take jira ta fito sosai. Na ce mata ta dakata sai na zo. Ta ce me ya sa, na ce haka kawai.

Mama ba ta iya riƙe magana, abin da na gaya mata da safe yayana zai ji kafin azahar. Ran Asabar zan je. Jama'a, in na shiga na same ta da kwalbar nan a hannu, me zan ce mata?