Shaidar da Na Bayar a Kan Don Eladio

Mayagüez, Fabrairu

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Mami, a sa mini albarka. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naki? Ya gwiwoyin, da sanyin Hartford ɗin nan da ba ya jin rarrashi? Ina fata ɗan'uwana Papo yana kai ki asibiti ba sai kin yi masa mita ba.

Albishirinki har biyu. Na farko, na ci rubutacciyar jarrabawar hukumar da ke tantance ƙwararru a aikinmu na gwajin ƙwaƙwalwa. Saura ta baki, wadda zan je Chicago ƙarshen shekara, manyan malamai su titsiye ni.

Na biyu, an buga bincikena! Kin san shekarun da na yi ina hawa tsaunukan Maricao ina gwada tsofaffin masu tsinkar kofi. Gwaje-gwajen da muke aiki da su a kan Amurkawa masu dogon karatu aka auna su. In aka ɗora wa wanda ya bar makaranta a aji uku wannan ma'aunin, lafiyayyen mutum sai ya fito mai ciwon mantuwa. Shi ya sa na haɗa namu. Manyan mujallun kimiyya biyu sun mayar mini da shi. Ɗaya ma ta riƙe shi kusan shekara kafin ta ce bai dace da masu karatunta ba. Ina cikin wannan takaici sai ga saƙo daga wata mujalla, suna kirana babbar masaniya, suna roƙon aikina. Na tura, na biya abin da suka yanka mini, kafin mako ya zagayo sun buga. Ko waƙafi ba su gyara ba.

Har ya fara amfani. Wata mata, Migdalia, ta kawo mini mahaifinta, Don Eladio Irizarry, mai gonar kofi, ya haura tamanin. Ɗansa Wilfredo ya kai ƙara wai tsohon ya rikice, a ba shi iko da dukiyarsa, don wani kamfani yana son gonar ya gina masaukin baƙi. Likitan da Wilfredo ya ɗauko ya auna shi da ma'aunin Amurkawa, ya ce ya rikice. Ni da na miƙa masa fensir ya kama shi kamar adda, ya ce, "Doctora, rabona da wannan abin tun malama tana dukana da rula. In na karya shi ba ni zan biya ba." Ya sa ni dariya har da hawaye. A namu ma'aunin ƙalau yake, Mami. A Yuni zan faɗa wa kotu haka.

Ki gaida Papo da yara.

'Yarki,
Nilsa

Mayagüez, Yuni

Mami,

A sa mini albarka. Ina fata kina lafiya, kuma zafin ya kai gare ku. Na ga kiranki, ban ɗauka ba ne don ba na so ki ji muryata a haka.

An yi zaman kotu. Da farko komai ya tafi daidai, har lauyan Wilfredo ya miƙe da takardata a hannunsa.

Ya ce, "Doctora, wa ya duba wannan binciken kafin a buga?"

Na ce, "Masanan mujallar."

Sai ya yi murmushi, ya juya wajen alƙaliya. Ya ce a watan jiya shi ma ya tura wa mujallar nasa binciken. Ya kwafi yadda matarsa ke dafa shinkafa da wake, ya yayyafa kalmomin likitoci a ciki, ya sa sunan karensa a matsayin marubuci. Sun karɓa, har da yabo. Adireshin da suke sawa kuma, da aka bincika, shagon wanki ne.

Ya ce, "Mai shari'a, karena da Doctora abokan aiki ne, a mujalla ɗaya suke bugawa."

Mami, har ɗan sandan bakin ƙofa ya dara. Sannan ya tambaye ni ko ina da shaidar hukumar ƙwararru. Na ce ina kan hanya. Ya ce, "Nawa likitan ya daɗe da isa."

Alƙaliya ta ajiye shaidata gefe. Ban ga laifinta ba. Aka ba Wilfredo iko.

A waje Don Eladio ya tsaya da hularsa a hannu, ya ce, "Doctora, na faɗi jarrabawar ke nan?"

Na ce, "A'a, Don Eladio, ka ci."

Ya ce, "To dariyar me suke yi?"

Migdalia ta ja hannunsa suka tafi, ko kallona ba ta yi ba.

Na rubuta wa mujallar su cire aikina, suka ce sai na sake biya. Ko sun cire, mujallar kirki da wuya ta taɓa abin da aka riga aka buga. Masu tsinkar kofin nan sun zaunar da ni a barandarsu, sun ba ni kofi, sun yarda na yi musu tambayoyin da suka sa su jin kunya, ni kuma na kai aikin kasuwar ɓarayi. Aikin gaskiya ne, Mami. Amma wa zai ci tuwo a kwanon da kare ya lasa?

Ki yi mini addu'a.

Nilsa

Mayagüez, Nuwamba

Mami,

A sa mini albarka. Ya jiki, ya yara? Na dawo daga Chicago lafiya, kuma sakamako ya fito: na ci. Na zaci zan yi tsalle, sai kawai na zauna.

Amma akwai ɗan haske. Wata tsohuwar malamata ta bi lissafin bincikena layi-layi, ta ce ba ta ga aibu ba, kuma za ta tsaya a kotu ta faɗa. Ba a sayar da gonar ba tukuna, takardunta sun sarƙe. Lauyan Migdalia ya ce da shaidar ƙwararrun da na samu yanzu za mu iya neman a sake duba hukuncin, in dai na sake gwada tsohon. Tun Yuli Wilfredo ya kai shi gidan kula da tsofaffi a Bayamón, kusa da gidansa. Bayan Kirsimeti zan je.

Kada ki aiko mini da komai, rigar sanyin ta isa.

Taki,
Nilsa

Mayagüez, Janairu

Zuwa ga Mami,

A sa mini albarka. Ina fata kun yi bukukuwa lafiya, kuma tarin ya sake ki.

Na je Bayamón, ni da Migdalia. Mun tarar da shi a kan kujera gaban talabijin, cikin rigar wani. Ya rame, hannuwan nan sun yi laushi. Ma'aikatan suna da kirki, sun ce ba ya ba su wahala ko kaɗan. Da farko yakan tashi da asuba yana neman ƙofa wai zai je gona, likita ya rubuta masa magani, ya daina.

Na ce, "Don Eladio, ka gane ni?"

Ya ce, "Yaya ba zan gane ki ba? Ke ce matar Wilfredo."

Na yi masa gwajin a hankali, na ba shi hutu, na koma washegari da safe ko gajiya ce. Kalmomin da na karanta masa, ko ɗaya ba ta zauna ba. Bai san watan da muke ciki ba. Ya tambayi Migdalia ko mahaifiyarta ta ba kaji abinci, matar da ta rasu tun Migdalia tana budurwa. Da namu ma'aunin na auna shi, Mami, wanda na haɗa don irinsa. Ya faɗi.

Ko ciwon dama yana tafe, ko zaman ɗakin ne ya kawo shi, ba ni da gwajin da zai gaya mini.

A mota Migdalia ta ce, "Ki rubuta yadda yake a bara. Ba ƙarya ba ce, ke kika gan shi."

Na ce, "Yadda yake yau kotu za ta tambaya."

Ta ce, "Ke kika jefa shi a ramin nan, Doctora. Yanzu da kika sami tsani sai ki ce addininki ya hana?"

Na ce mata zan rubuta duka biyun: yadda na same shi a bara, da yadda na same shi yanzu. Ta ce wannan ai miƙa wa Wilfredo gonar ne a faranti. Gaskiyarta. Ta ce in tsaya, ta sauka a bakin titi, ta ƙi in ƙarasa da ita gida.

Mako guda rahoton yana kan teburina. Jiya na sa hannu, da sababbin haruffan shaidar hukumar ƙwararru a bayan sunana. Wannan karon ba wanda zai yi jayayya da shi.

In kin je coci ki fara da Don Eladio kafin ni.

'Yarki mai kewarki,
Nilsa